Tambayoyi da Amsoshi: Naɗa Waƙa, Fitar da Ita da Hawa Dandamali ga Ƙungiyar Rok Mai Cin Gashin Kanta

Ƙungiyar da babu kamfanin faifai a bayanta ita ce marubuciya, ita ce furodusa, ita ce akanta, ita ce kuma mai loda kaya a mota. Yawancin asarar da irin wannan ƙungiya ke tafkawa ba rashin iya kiɗa ke jawo ta ba. Ƙananan abubuwa ne da aka tsallake tun farko: tsirkiyar da ba a canza ba, takardar da ba a sa wa hannu ba, sunan da aka rubuta ba daidai ba. Su muka fi bai wa ƙarfi a nan.

Me ake nufi da cin gashin kai a wannan harka?

Ku ke biyan kuɗin naɗi, ku kuka mallaki abin da aka naɗa, ku ke tsayar da ranar fitarwa. Ba yau aka fara ba. A Janairun 1977 ƙungiyar Buzzcocks ta Ingila ta fitar da ƙaramin faifanta na farko a ƙarƙashin tambarin kanta, New Hormones, da kuɗin da ta ranto wajen dangi da abokai. A 1980 Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa kamfanin faifai na Dischord a birnin Washinton don su fitar da faifan ƙungiyarsu. Kwamfuta da intanet sun sauƙaƙa naɗi da rarrabawa, amma samun wanda zai saurara yana nan da wuyarsa, ƙila ma ya ƙaru.

Ta yaya za mu san waƙa ta nuna, ta isa naɗi?

Ku ajiye waya a tsakiyar ɗakin atisaye ku naɗi kanku, sannan ku saurara washegari, ba a ranar ba. Abin da ya yi daɗi lokacin da jini ke tafasa, sau da yawa gobe za ku ji ashe gabatarwar ta yi tsawo, ko amshi bai ɗaga sama da baiti ba.

Abubuwa uku ne dole a tsayar kafin a shiga situdiyo. Na farko saurin waƙa, a rubuce da lamba, misali bugu 132 a minti. Na biyu matakin muryar da aka ɗora ta a kai: idan mawaƙi yana shaƙewa a saman amshi, a sauko da waƙar rabin mataki ko mataki guda yanzu, don bayan an naɗe jita da bes ba ta gyaruwa sai an sake komai. Na uku tsarin waƙar daga farko har yadda za ta ƙare.

Akwai gwajin da ke tona asiri: mai ganguna da mai bes su buga waƙar su kaɗai, a hankali, ba tare da jita ba. A nan ake gane cewa wata da watanni gangar ƙafa da bes ba wuri ɗaya suke sauka ba, ƙarar jita ce ta rufa musu asiri.

Situdiyo za mu je ko mu naɗa a gida?

Ku raba. Ganguna ne ke buƙatar ɗaki mai kyau, makirfo da yawa da na'ura mai mashiga takwas ko fiye, saboda haka su suka cancanci kuɗin situdiyo. Jita, bes da murya ana iya naɗarsu a gida cikin natsuwa. Ƙungiyar da ta shirya tsaf tana iya naɗe gangunan waƙoƙi huɗu ko biyar a yini guda. Kundin farko na ƙungiyar Nirvana ta Amurka, wanda kamfanin faifai na Sub Pop ya fitar a 1989, cikin kimanin sa'o'i 30 aka naɗe shi, a kan dala 606 da 'yan kai. Sun shiga ne da waƙoƙin da suka riga suka zauna musu a hannu.

Na gida kuwa: kwamfuta, manhajar naɗi irin su Reaper, Logic Pro ko Pro Tools, na'urar shigar da sauti mai mashiga biyu, makirfo irin Shure SM57 don lasifikar jita, makirfo na kondensa don murya, da abin saurare na kunne wanda bayansa a rufe yake, don kada sauti ya zubo cikin makirfo. Makirfon kondensa yana buƙatar wutar 48V daga na'urar, idan ya yi shiru maɓallin nan za a fara dubawa.

Kada ku ɓata lokaci wajen liƙa kwalin ƙwai a bango, ba ya hana ƙara fita, ba ya gyara ɗaki. Siririn soso ma saman sauti kawai yake sha, ya bar ɗakin yana gunji. Abin da ke aiki shi ne allunan audugar gini masu kauri kamar santimita 10, a kusurwoyi da gefen hagu da dama na inda ake zama.

Wane saiti za mu yi amfani da shi?

A saitin ingancin naɗi na manhajar: bit 24, da 48 kHz ko 44.1 kHz. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai har ƙarshen aikin. Ƙarfin shiga ya riƙa yawo wajen -18 dB, ƙololuwarsa kada ta wuce -10 zuwa -6. Babu ribar matsawa kusa da sifili, kuma idan sauti ya taɓa shi ya tsage, tsagewar ba ta ɗinkuwa.

Idan mai kiɗa ya ce yana jin abin da ya buga a makare, a rage lambar bafa, wato saitin da ke tsayar da jinkirin sauti a kwamfuta, zuwa 64 ko 128 lokacin naɗi. A kan 48 kHz, 128 bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba. Lokacin miksin, wato haɗa sautukan da aka naɗa, a mayar da ita 512 ko 1024 don kwamfuta ta sarara. Kuma duk ranar da aka yi naɗi, a kwafi aikin zuwa wurare biyu dabam kafin a kwanta.

Makirfo huɗu kawai muke da su. Za su isa ganguna?

Za su isa, idan mai gangunan ya iya daidaita hannunsa. Akwai tsarin da ake jinginawa ga injiniyan Ingila Glyn Johns: makirfo ɗaya a sama, kamar mita guda bisa gangar siniya (ƙaramar ganga mai wayoyin ƙarfe a ƙasanta), na biyu a gefen babbar gangar tom ta ƙasa yana kallon siniyar, na uku a gangar ƙafa, na huɗu dab da siniya. Sirrin yana cikin awo. Nisan makirfo na farko da na biyu daga tsakiyar fatar siniya dole ya zama ɗaya, a gwada da igiya ko tef.

Dalili shi ne sauti yana tafiyar kimanin santimita 34 a kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan ya isa makirfo biyu a lokuta mabambanta, wani sashensa yana kashe wani idan an haɗa su, sai gangar ta fito siririya ba nauyi. Haka ma idan aka sa makirfo a saman siniya da ƙasanta: fatar tana nisantar ɗaya a lokacin da take kusantar ɗayan, don haka a danna maɓallin Ø, mai juya sauti, a kan na ƙasan. Ku riƙa dannawa kuna saurare, matsayin da ya fi kauri shi ne daidai.

Kafin duk wannan, sabbin fatu, a ɗaure su daidai. Sannan mai ganguna ya sassauta wa simbal, wato faifan ƙarfen da ake bugawa, ya ƙarfafa a kan fatu. Simbal da aka lakaɗa yana shiga kowane makirfo, kuma babu injiniyan da zai iya cire shi daga baya.

Dole ne mu bi metronom, na'urar da ke ƙirga bugu?

Ba dole ba ne. Amfaninsa shi ne yana ba da damar yanko sashe daga ɗauka ta biyu a liƙa a ta biyar, da ƙara kayan kiɗa daga baya ba wahala. Amma mai gangunan da bai saba da shi ba, ranar naɗi ba ranar koyo ba ce, zai ƙage, waƙar ta mutu. Ko dai ya yi makonni yana atisaye da shi, ko a bar shi ƙungiya ta buga tare. Ɗan saurin da amshi ke ƙarawa da kansa ba aibi ba ne a rok.

A ɗaki jitarmu tana girgiza bango, amma a naɗi sai ta fito ƙarama tana zuza. Me ya sa?

Kusan kullum distoshan, wato kaushin da ake sa wa sautin jita, ne ya yi yawa. A ɗaki ƙarfin lasifika kuke ji a jikinku, makirfo kuwa kaushin kawai yake ɗauka. Ku rage shi da kamar kashi ɗaya cikin uku na yadda kuka saba, ku kuma dawo da maɓallin tsakiyar sauti da masu jita ke son kashewa. A tsakiya jita take rayuwa, ƙasa na bes ne da gangar ƙafa.

Sai wurin makirfo. Tsakiyar lasifika kaifi ne, gefenta taushi. Ku fara daga inda ƙaramin murfin tsakiya ya haɗu da mazurarin, santimita biyu ko uku daga raga, ku riƙa gusawa kaɗan-kaɗan. Gusawar yatsa biyu tana canza sauti fiye da duk wani gyara a kwamfuta.

Faɗin da kuke ji a manyan faifai daga bugu biyu yake zuwa: a buga sashen sau biyu, ɗaya a kai shi hagu, ɗaya dama. Kwafar ɗauka ɗaya a raba ta gida biyu ba ta ba da faɗi, ƙara kawai take ƙarawa a tsakiya.

A sa sabbin tsirkiyoyi kwana ɗaya kafin naɗi, a miƙar da su, a kuma duba saiti kafin kowace ɗauka, kowa da na'urar saiti ɗaya a kan 440 Hz. Idan jita ta yi daidai a buɗe amma ta kauce a saman wuya, a gwada sautin gaɓa ta 12 da na tsirkiya a buɗe. In sun saɓa, gadar jitar ce ke son gyara. Bes kuwa a naɗe shi kai tsaye ta akwatin DI, mai kai sauti na'urar naɗi ta kebul, ko da an sa wa amfilifayarsa makirfo.

Akwai wani gurnani da ba ya ɗaukewa. Daga ina yake?

Idan gurnanin yana canzawa yayin da mai jita ya juya jikinsa, maganaɗisun jitar ne mai naɗi ɗaya ke kwaso hayaniyar fitilu, allon kwamfuta ko taransifoma. Ya juya har ya sami kusurwar da ta fi shiru, ya tsaya a nan. Idan kuwa ba ya canzawa, mai yiwuwa na'urori biyu ne aka jona a soket mabambanta sannan aka haɗa su da kebul, sai gurnanin wutar gari mai 50 ko 60 Hz ya shigo. A jona su duka a layi ɗaya, ko a danna maɓallin yanke layin ƙasa da ke jikin akwatin DI. Fedal na jita, ƙananan na'urorin sauya sauti da ake takawa, masu kwamfuta a ciki ma suna kawo tsiwa idan sun raba wuta ɗaya da sauran, maganinsu na'urar wuta mai mafita a keɓe.

Murya fa?

Tafin hannu guda ko ɗan fiye daga makirfo, da raga a tsakani don tare iskar "p" da "b". Bayan mawaƙi a rataya bargo mai kauri, don makirfo abin da ke bayan mawaƙin yake kallo. A ɗauki waƙar cikakkiya sau uku ko huɗu, a zaɓi mafi kyawun kowane layi. Bayan sa'a biyu murya ta gaji, ci gaba ɓata lokaci ne.

Mene ne bambancin miksin da mastarin, kuma me za mu aika wa injiniya?

Miksin shi ne daidaita layukan waƙa ɗaya, wato sautin kowane kayan kiɗa da murya da aka naɗa dabam: ƙarfin kowane, wurinsa hagu ko dama, da share inda suke cin karo, musamman cunkoson nan na tsakanin 200 da 400 Hz inda jita, bes da tom ke taruwa. Mastarin gyaran ƙarshe ne a kan waƙar da aka gama haɗawa, da daidaita waƙoƙin kundi su zauna tare. Ba ya ceton miksin da ya lalace.

Ga mai miksin, a fitar da kowane layi a fayil ɗin WAV nasa, dukkansu su fara daga daƙiƙa sifili ko da kayan kiɗan sai a minti na biyu yake shiga, da sunaye masu ma'ana da lambar saurin waƙa. Ku haɗa da waƙoƙi biyu na wasu da kuke son taku ta kusanci sautinsu. Gyare-gyare kuma mutum ɗaya ya tattara ya aika, da minti da daƙiƙa. In kowa ya aika nasa, kowa zai ce a ɗaga kayansa, a ƙarshe a koma inda aka fara.

Ga mai mastarin, WAV mai bit 24, ba a matse shi da limita, mai danne ƙololuwar sauti, ba, ƙololuwa ta bar sarari na 'yan dB. Game da ƙara: Spotify, manhajar sauraron waƙa, yana daidaita waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS, ma'aunin ƙarar waƙa, don haka wadda aka matse ta fi kowa ƙara za a sauke ta, ta rasa bugunta a banza. Ba wajibi ba ne ku tsaya a -14 cif, yawancin faifan rok sun fi haka ƙara, amma ku bar ƙololuwar gaske a -1 dB don kada ta tsage idan aka mayar da fayil ƙarami. Ku karɓi sigar da babu murya a ranar, masu fim da talla ita suke fara tambaya.

Wa ya mallaki waƙar? Mu abokai ne, sai mun rubuta?

Sai kun rubuta, kuma yanzu, tun babu kuɗin da za a yi faɗa a kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kowace waƙa haƙƙi biyu take ɗauke da su. Akwai haƙƙin ƙirƙira, wato kalmomi da karin waƙa, na marubuta. Akwai haƙƙin naɗin kansa, mai alamar ℗, wanda galibi na wanda ya ɗauki nauyin naɗin ne. Kuɗinsu ta hanyoyi dabam-dabam suke zuwa. A ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Bern ta 1886 haƙƙi yana tabbata ba tare da rajista ba, amma dokar ba za ta gaya muku kason mai bes ba.

Wasu ƙungiyoyi, irin R.E.M., sun sa sunan kowa a kan kowace waƙa suka raba daidai. Wasu marubuci ne ke ɗaukar haƙƙin ƙirƙira, a raba na naɗi da na wasa. Kowanne yana tafiya matuƙar an sani tun farko. Abin da ba ya tafiya shi ne shiru: a 1996 mai gangunan ƙungiyar The Smiths, Mike Joyce, ya kai abokan ƙungiyarsa Morrissey da Johnny Marr kotu a Landan saboda kashi 10 cikin ɗari ake ba shi na kuɗin naɗi da wasa, kotu ta ce kashi 25 ne haƙƙinsa.

Takardar shafi ɗaya ta wadatar ga kowace waƙa: sunanta, cikakkun sunayen marubuta, kason kowa, kwanan wata, sa hannu. Sannan yarjejeniya ɗaya ta ƙungiya: wa ke da sunan, yadda ake raba kuɗi bayan cire abin da aka kashe, wa ya mallaki kayan da aka saya tare, me wanda ya fita zai ci gaba da samu. Furodusa, baƙon makaɗi da mai zanen bango su ma a rubuta da su. Lambobin sirrin shafukanku kuma kada su zauna a hannun mutum ɗaya.

Ta yaya waƙa ke hawa Spotify da Apple Music?

Ta hannun kamfanin rarrabawa, irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby. Wasu kuɗin shekara suke karɓa, wasu kuɗi sau ɗaya tare da kaso. Ku karanta abin da zai faru da waƙoƙinku ranar da kuka daina biya.

Za a nemi fayil ɗin WAV, hoton bango mai kusurwa huɗu daidai, 3000 sau 3000, wanda babu adireshin intanet a jiki, da sunayen marubuta na gaskiya. Kowane naɗi yana samun lambar shaida ta ISRC mai harafi da lamba 12, kundin kuma lambar shaida ta UPC. Ku adana su. Idan kuka sauya kamfani kuka ɗora waƙar da ISRC ɗinta na asali da bayanai iri ɗaya, adadin saurarenta yana biyo ta, in an ba ta sabo ta koma sifili.

Ku ɗora makonni huɗu kafin ranar. Ta shafin Spotify for Artists ana gabatar wa editoci waƙa ɗaya da ba ta fito ba, aƙalla kwana bakwai kafin fitowa, kuma hakan na sa ta shiga jerin sabbin waƙoƙi na Release Radar na mabiyanku. Tun Yulin 2015 Juma'a ce ranar fitar da sabbin waƙoƙi a duniya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne waƙa ta faɗa shafin wata ƙungiya mai suna irin naku, shi ya sa ake bincika suna a manhajojin da rajistar tambarin kasuwanci tun kafin a buga riga ko ɗaya.

Kundi za mu fara da shi ko waƙa ɗaya?

Ɗaya-ɗaya, kowane mako shida zuwa takwas, sannan a tattara su da sabbi biyu ko uku. Kundin waƙa goma daga ƙungiyar da ba a sani ba dama ɗaya ce tak ta jan hankali, waƙoƙi huɗu a jere dama huɗu ce.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Ba daga saurare ba, a farko. Spotify yana ƙirga saurare bayan daƙiƙa 30, ba shi da tsayayyen farashi, kaso yake rabawa daga abin da ya shigo. Tun 2024 kuma waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun kuɗin naɗi a can. A Bandcamp, shafin sayar da waƙa kai tsaye, kamfanin yana cire kashi 15 cikin ɗari na cinikin fayil da kashi 10 na kaya, ga shi mai saye yana iya barin imel ɗinsa. Jerin imel ɗin nan ya fi yawan mabiya a kowace manhaja daraja, domin naku ne.

Kamfanin rarrabawa kuɗin naɗi yake tarowa. Kuɗin marubuta sai kun yi rajista da ƙungiyar tara haƙƙi ta ƙasarku, kamar ASCAP ko BMI a Amurka, PRS a Birtaniya, SACEM a Faransa, GEMA a Jamus, kun kuma shigar da kowace waƙa da kasonta. Da yawansu suna biya har kan waƙoƙinku da kuka buga a dandamali idan kun miƙa jerin abin da kuka yi. Ƙungiyoyi da yawa suna barin wannan kuɗi a ƙasa.

Ga ƙaramar ƙungiya, teburin riguna da faifai a bakin ƙofa sau da yawa ya fi kuɗin wasan kansa kawowa. Ku fi buga matsakaitan girma, launin zane ɗaya ko biyu, kuma wani daga cikinku ya tsaya a teburin da zarar kun sauka.

Wani ya ce zai sa mu a jerin waƙoƙi ya kawo saurare dubu goma idan mun biya.

Kada ku biya. Wanda ya yi alkawarin adadi, na'urori ne za su saurara. Manhajojin suna ganowa, su cire waƙar, kamfanin rarrabawa ya ci ku tara ko ya rufe asusunku.

Za mu iya naɗar waƙar wasu?

Sai da lasisin sake naɗi, wanda wasu kamfanonin rarrabawa ke samo muku. Lasisin bai ba ku damar canza kalmomi ba, bai kuma shafi bidiyo ba, wannan izini ne dabam daga masu haƙƙin. Yanko wani sashe na faifan wani kuwa, ko daƙiƙa biyu ne, yana buƙatar izinin mai naɗi da na marubuci duka.

Ya dace mu buga faifan garmaho?

Sai kun san masu saye. Ku buɗe odar gaba ku gani. Yana buƙatar mastarin na musamman, ana tattara ƙasan sauti a tsakiya, a rage kaifin "s". Kowane gefe na babban faifai minti 18 zuwa 22 yake ɗauka da kyau, in aka ƙara tsawo ƙara ta ragu. Layukan ciki sun fi saurin gurɓata sauti, don haka waƙa mai sanyi ake sawa a ƙarshen gefe. Ku saurari faifan gwaji daga farko har ƙarshe kafin ku amince, kuma ku lissafa da watanni, ba makonni ba. CD da kaset sun fi sauƙi ga adadi kaɗan.

Yaya ake samun wasan farko, kuma wace yarjejeniya ce mai kyau?

Ta hannun wasu ƙungiyoyi. Ku je wasanninsu, ku nemi buɗe musu fage. Saƙo ga mai shirya wasa ya zama gajere: su wa ye ku, mahaɗi ɗaya na waƙa, bidiyo ɗaya na wasa kai tsaye, da adadin mutanen da za ku iya kawowa na gaskiya. In kun ce hamsin aka ga takwas, ba za a sake kiran ku ba.

Biya iri uku ne: tsayayyen kuɗi, kaso daga kuɗin ƙofa, ko wanda ya fi yawa a cikinsu. Ku tambaya a rubuce ko kason kafin cire kuɗin injiniya da na tsaro ne ko bayansa, da ko wurin yana karɓar kaso daga cinikin riguna. Tsarin da ake sa ku sayi tikiti da kuɗinku ku je ku sayar, asarar duka a kanku take.

In an ba ku minti 30, ku shirya na 27, waƙa bakwai ko takwas. Ukun farko a jere ba tsayawa. Ku haɗa masu saitin tsirkiya iri ɗaya wuri guda. Cin lokacin ƙungiyar da ke bayanku laifi ne da ba a mantawa.

Me injiniyan wurin yake so daga gare mu?

Shafi ɗaya, mako guda kafin wasa: zanen inda kowa ke tsayawa, inda ake buƙatar wuta, da jerin mashiga a lambace, daga gangar ƙafa zuwa muryoyi. Ku tabbatar da kayan da wurin zai bayar. Ko ana raba ganguna, mai ganguna yana zuwa da siniya, simbal da fedal ɗinsa.

Gwajin sauti yana bin jerin: ƙafa, siniya, tom, bes, jita, murya, sannan rabin waƙa tare. Wanda ba a kira ba ya yi shiru. Ku buga da ƙarfin da za ku yi wasa da shi, mawaƙin da ya yi raɗa a gwaji ya zo ya kurma ihu a wasa ya rusa saitin duka.

Ba a jin mawaƙinmu, in an ƙara masa sai lasifika ta yi kuka.

Dandamalin ne ya yi ƙara. Makirfon murya yana ɗaukar duk abin da ya fi ƙarfi a gabansa, in amfilifayar jita ta fi mawaƙi, ita ake ƙarawa. A rage ta, a ɗora ta kan kujera ko a karkata ta ta kalli kunnen mai ita maimakon gwiwarsa. Mawaƙi ya kusanto har leɓe ya kusa taɓa raga, kada ya dunƙule kan makirfo da tafin hannu, don hakan yana toshe ramukan baya, makirfon ya koma ɗauka ta ko'ina. Makirfo irin SM58 bayansa ne kurma, saboda haka lasifikar ƙasa da mawaƙi ke jin kansa da ita ta zauna daidai bayan makirfon.

Makirfo yana ɗan jan leɓena idan ina riƙe da jita. Matsala ce?

Babba. Ku tsaya nan take a duba wuta. Alama ce cewa layin ƙasa na amfilifaya ko na kayan sautin wurin ya yanke. A 1972 mai jitar Stone the Crows, Les Harvey, ya mutu a kan dandamali a Suwansi ta Birtaniya bayan ya taɓa makirfon da ba shi da layin ƙasa. Kada a taɓa cire ƙafa ta uku ta fulogin amfilifaya don kashe gurnani.

Amfilifaya mai kwalabe kuma ba a kunna ta sai an jona lasifika, in ba haka ba taransifomarta ta ƙone. Lambar om da ke jikin amfilifaya da akwatin lasifika ta dace: akwati biyu masu om 16 a jone gefe da gefe sun zama 8, biyu masu 8 sun zama 4. Tsakanin amfilifaya da akwatin, kebul ɗin lasifika ake sawa, ba na jita ba.

Kunnuwanmu suna ƙugi bayan atisaye. Zai wuce?

Yakan wuce da farko, wata rana ya ƙi wucewa. Ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka shi ne sa'o'i takwas a kan desibel 85, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 94 sa'a ɗaya, 100 minti 15. Ganguna da amfilifaya a ƙaramin ɗaki suna haura 100 cikin sauƙi. Ku sa abin toshe kunne na makaɗa, mai rage ƙara daidai ba tare da dusashe sauti ba. Ƙugin da ya kwana biyu, ko ji ya ragu farat ɗaya, a ga likita ba jinkiri.

Me ya kamata ya zauna a jakar wasa kullum?

Jita ta biyu a saite, ko aƙalla tsirkiyoyi da abin yanka su. Kebul biyu na ƙari, batirin 9V, fis na amfilifaya, sandunan ganga, makullin ɗaure fata, baƙin tef, tocila, doguwar wayar wuta da jerin waƙoƙi da manyan baƙaƙe. Yawancin fedal 9V suke ci mai tsakiya korau, a jona musu akasin haka su ƙone, don haka a yi wa kowace waya alama. Ku ɗauki hoton lambar jikin kowane kaya saboda sata, kada kuma kaya su kwana a mota. Masu ƙetare iyaka su bincika bizar aiki da takardar ATA Carnet ta shigar da kaya na ɗan lokaci, watanni kafin tafiya.